Wutarka ba ta ci ba saboda ka tsorata da duhu

Na ga hoton da ka turo, na kuma ga tambayar: wai me ya sa gobarar da ka zana ba ta ci, alhali ka shafa ja har sau uku. Kai yaro, ko sau goma ka shafa haka za ta tsaya, kamar an kifar da miyar tumatir a bango. Wa ya ce maka wuta ja ce? Je ka maƙera ka tsaya lokacin da ake zuga, ka kalli tsakiyar garwashin. Fari-fari ne, sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro. Jan yana can baki-baki, inda wutar ta fara mutuwa.

Zanen da kake kwaikwaya na gobarar Landan ne ta 1666, wadda ta tashi ranar 2 ga Satumba a gidan wani mai gasa burodi a Pudding Lane, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje wajen 13,200 da coci 87. Ba a san sunan wanda ya zana shi ba, amma ya san aikinsa. Kamar daga cikin kwale-kwale yake kallo: Hasumiyar Landan a dama, gada a hagu, tsohon cocin St Paul a tsakiyar wuta. Rufe wutar da tafin hannunka ka ga abin da ya saura. Dare ne da hayaƙi da baƙin ruwa. Duhun nan shi ke kunna wutar. Kai kuwa ka haskaka sama, ka haskaka kogi, har mutanen da ke gudu da kayansu ka yi musu fuska fes kamar masu zuwa ɗaurin aure.

Maganar ɗaure kyallen zane a firam da shafa masa farin share fage ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara biyu yana wanke mini buroshi bai san wannan ba, gara ya koma sayar da kati.

Duhun nan dai shi ya taɓa cinye mini kuɗi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mai otal ne ya zo da takarda an buga masa zanen Turner, shahararren mai zanen Ingila, na gobarar majalisar dokokin ƙasar, ta daren 16 ga Oktoba 1834. Gobara ce ta ganganci: tsofaffin sandunan lissafin baitulmali aka ce a ƙona, aka cusa su a murhun da ke ƙarƙashin zauren dattawa, bututun ya ɗauki zafi, ginin ya kama. Turner ya yi ta iri biyu da fentin mai, ɗaya yana Philadelphia, ɗaya yana Cleveland, duk a Amurka. Na Philadelphia mutumin yake so, mai gadar Westminster a dama, da taron 'yan kallo cunkushe a bakin kogi. Muka yi ciniki, ya ba da rabi kafin alƙalami.

Irin wannan aiki hawa-hawa ake yin sa. Na ƙasa siriri, mai kaɗan. Kowane hawa na sama ya fi na ƙarƙashinsa mai. Kuma ba ka ɗora wani sai na farko ya bushe. Na san haka tun kana goye. Amma mutumin nan ya hana ni sakat. Kullum waya, wai ranar buɗe otal ta matso, manyan baƙi za su zo. Ni ma da son a ce na iya, sai na labta baƙi mai kauri a sararin sama da gefen kogi, ga shi baƙi na cikin masu jinkirin bushewa. Na bi samansa da hawa mai tinna don ya yi saurin kamawa. Banish, wato man sheƙin da ake shafawa a ƙarshe, da ya kamata a jira wata shida, na shafa shi ko wata guda ba a cika ba. Sannan na cika da babbar wauta: direbansa ya zo da ƙaramar mota, na cire kyallen daga firam na naɗe shi, fentin yana ciki. Fenti a waje ake barinsa, a kan bututu mai faɗi, ka riƙe wannan.

Da hunturu ya shigo, duk inda duhu yake ya tsattsage kamar diddigen manomi. Ya kira ni yana ta hargowa, wai na sayar masa da shara, ciko kuwa ko sisi, na ma gode bai ce in dawo da na farko ba. Na ce a maido mini da kayana in gyara. Ya ce ai an jefar.

Bayan shekara guda wani aiki ya kai ni garin, na leƙa otal ɗin. Ga zanena nan a falon karɓar baƙi, an sa masa firam mai ruwan zinariya, an ɗora masa fitila. Yaron da ke kanta, bai san ni ba, ya ce mini tsohon zane ne Alhaji ya sayo daga Ingila, ba ka ga duk ya tsage don tsufa ba? Na matsa kusa. Ƙasan kusurwar da na sa hannu, firam ɗin ya rufe ta. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, da baki muka yi ciniki. Na sha ruwan sanyi na biya, na fito.

Ku yaran yanzu ma kun fi ni gaggawa, kuna kwaikwayon launi daga waya, wadda hasken gilashinta ke mai da kowace wuta kamar fitilar biki. Ka kankare jan nan tun bai bushe ba. Ka mayar da sama da kogi ruwan ƙasa mai duhu, siriri, ka bar gurbin wutar fari. Kada ka taɓa shi sai na zo ranar Asabar na dangwala yatsa. Kuma ka faɗa wa mai aikin ciko a hannu kafin zane ya bar shago.