Layi za ka fara rufewa, tracking daga baya

Jiya da muna rufe shago ka tambaye ni, wai Oga idan kwastoma ya shigo a rikice ya ce an ƙwace masa waya a adaidaita, tracking, wato bin sawun wayar, za mu fara masa ko me? To saurara yaro, tracking shi ne na ƙarshe. Ɓarayin yanzu sim ɗin suke so fiye da wayar, kafin su sha kwana sun zare shi sun saka a rakani-kashi, su danna *565*0# BVN ɗin mutum ya fito, daga nan sai lalube a asusun banki da USSD, alat kuma yana shiga hannunsu shi mai kuɗin bai ma sani ba yana nan yana mana kuka a kan hotunan bikinsa.

Don haka kana ganinsa ka miƙa masa wayarka. Ya kira 300 a rufe layin, sannan banki. Manyan bankuna suna da lambar da ake rufe asusu daga kowace waya, Access *901*911#, Zenith *966*911#, UBA *919*911#, ka rubuta su a kwali ka manna a jikin shoglas ɗin nan don ba kowa ke tuna komai ba a irin wannan lokacin. In yana da OPay ko Moniepoint su ma ya kira su, kar ya ce sai gobe.

Bayan nan ya tafi ofishin kamfanin layi da NIN ɗinsa a yi masa welcome back, yana karɓar layin ya buɗe WhatsApp a wata waya, lamba 6 za ta shigo ya saka, na wayar ɓarawo ya fita da kansa. Kafin nan ya sanar da dangi, don na ga wata Hajiya da ta tura kuɗi har sau biyu wai ɗanta ne ya maƙale a hanya. Gmail da Facebook a canza password, sai a shiga Find Hub na Google, wanda a da ake kira Find My Device, a duba inda wayar take, in babu alamar za ta dawo a goge komai, amma ka gaya masa tukuna in an goge ba za a ƙara ganin inda take ba. IMEI, wato lambar shaidar waya mai lambobi 15, tana jikin kwalin wayar, da ita zai je wajen ƴan sanda.

Duk wanda ka saita wa sabuwar waya ka sa masa PIN a sim kafin ya tashi, minti biyu ne, ɓarawo ya yi kuskure sau uku sai sim ya kulle ya nemi PUK, wata lambar buɗe shi ta daban.

Kuma abin da nake yawan faɗa maka, wanda ya kawo waya a cire masa Google account ko a yi flashing ba kwali ba rasit, yana ta waige-waige yana cewa ta yayansa ce, ka ce masa Oga ba ya nan ya dawo da yayan.