Kan sarkin da ke cikin adakar Kaka

Tambaya: Malam, na tarar da tsofaffin wasiƙu a adakar kakana, wasu da hatimin gidan waya na Bauchi. Yaushe aka fara kan sarki? In ɓamɓare su in adana? Daga wata ɗaliba, Jekadafari, Gombe.

Amsa: 'Yata, don Allah kada ki ɓamɓare ko ɗaya! Ambulan da hatiminsa, mai nuna gari da kwanan wata, sau da yawa ya fi kan sarkin daraja wajen masu tarawa.

A Ingila aka fara, a watan Mayun 1840, bisa shawarar wani ɗan ƙasar mai suna Rowland Hill. Kafin nan galibi wanda aka aika wa wasiƙa ne ke biya, kuɗin kuma da tsada, har wasu su ƙi karɓa. Kan sarki na farko baƙi ne, na kwabo ɗaya, da hoton Sarauniya Biktoriya, kuma da almakashi ake yanka shi. Jan hatimin da ake buga masa yana gogewa, mutane suna sake amfani da shi, shi ya sa a 1841 aka mai da kan sarkin ja.

Arewacin Najeriya ta samu nata a 1900. Duba da kyau, in kin ga "Northern Nigeria", ya girmi haɗewar Arewa da Kudu ta 1914. Ki sa su cikin takarda busasshiya, nesa da laima da gara.