Fatawa: Garaya da jita ba lantarki, kuma waƙoƙin namu ne. Ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu huɗu ne samari a Aboabo, nan Kumasi. Muna haɗuwa bayan isha'i, ɗaya da garaya, ɗaya da jitar katako wadda ba a jona wa wuta, ɗaya da ƙwarya, ni kuma nake rerawa. Mu muke tsara waƙoƙinmu da Hausa, a kan iyaye mata, da wahalar 'yan dako a kasuwar Kejetia, da 'yan'uwanmu da suka bi hamada zuwa Libiya. Yanzu an fara gayyatarmu aure da suna, wani mai otal ma yana so mu riƙa yi masa wasa duk Asabar. Babana ya ce haramun ne. Abokina ya ce tunda ba lantarki, ba batsa, ba laifi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin kuɗi su fara shigowa, don idan sun fara, kunne yakan yi nauyi.

Na fara da abokinka. Rashin lantarki ba ya canja hukunci ko kaɗan. Malaman farko da suka yi magana a kan kayan kiɗa sun rasu ƙarnoni kafin a san wutar lantarki, kuma abin da suke nufi shi ne ainihin irin abin da ke hannunku: tsirkiya a kan itace ko ƙoƙo. Saboda haka a ajiye wannan hujja.

Waƙar kanta magana ce: mai kyau ta halatta, mummuna ta haramta. Hassanu ɗan Sabit ya yi waƙa a masallacin Annabi (SAW). Anjasha yana rera wa raƙuma a tafiya, Annabi bai hana shi ba, ya dai ce ya sassauta saboda matan da ke kai. Ranar idi Sayyidina Abubakar ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, ya tsawatar, Annabi ya ce a ƙyale su. A ƙasar nan ma, Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, babban malami ne, kuma da waƙen Hausa da na Larabci ya yi wa mutane magana a kan talauci da zuwan Turawa. Wanda ya yi waƙa don a tausaya wa ɗan dako ko a hana yaro faɗawa teku, ina fata yana da lada. Sai dai tunda ku kuke tsarawa, kowace kalma tana wuyanku. Ba habaici ga wani gida, ba siffanta jikin mace, ba kambama mai kuɗi da abin da ba shi da shi don ya yi liƙi.

Inda gizo ke saƙa shi ne garaya da jita. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan tsirkiya. Hujjarsu hadisin Bukhari ne cewa za a samu mutane cikin al'umma masu halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, sai kuma aya ta 6 ta Suratu Luƙman, wadda Ibnu Mas'ud ya fassara "lahwal hadisi" a cikinta da waƙa. Risala, littafin fiƙihun nan da muke karantawa a kowane zauren zango, ita ma ta hana. An sassauta a kan bandiri, musamman a biki. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya ce hadisin yankakke ne, wato jerin masu ruwaitarsa bai haɗu ba, ya halatta kayan kiɗa. Ibnu Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani cewa hadisin ya inganta, kuma maganarsu ta fi ƙarfi a wurina. A zamaninmu Shaikh Ƙardawi ya halatta da sharuɗɗa. Saɓani ne na gaske tsakanin manya, don haka ban yarda wani ya tsaya a wa'azi ya kira ku 'yan wuta ba.

Akwai maganar Imam Gazali da nake so ka yi tunani a kanta. Ya halatta waƙa da ganga, amma ya hana tsirkiya don ita ce alamar majalisin mashaya. Ka duba inda muke zaune: akwai salon kiɗan jita a Ghana da sunansa ma na bammi ne, don a wajen shansa ya tashi. Hadisin kayan kiɗan nan kuma Bukhari a babin abin sha ya kawo shi.

Abin da nake ba da fatawa a kai: ku riƙe waƙoƙinku, ku rera su da murya da amshi da bandiri, ƙwarya ma ina ganin ta fi kusa da bandiri. Garaya da jita ku ajiye su, shi ya fi tsira. Idan wani cikinku ya bi masu halattawa bisa yarda da hujjarsu, ba don son rai ba, ba na fasiƙantar da shi, muddin salla ba ta wuce shi ba kuma wurin ba cakuɗa da rawar maza da mata. Otal kuwa, in ana sayar da giya a inda za ku zauna, babu malamin da ya yarda, har waɗanda suka halatta jita. Annabi ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, balle a zama wanda ke tara wa mai sayar da ita jama'a.

Kuɗi yana bin aikin da aka yi: na waƙar halal halal ne. Haƙƙin tsarawa kuma dukiya ce, haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Kuwait a 1988, dokar Ghana ta 2005 ma tana kare shi. Ku rubuta tun yanzu wa ya tsara me, da yadda za a raba, a gaban shaidu biyu.

Saura babanka. Ko a wurin masu halattawa, garaya mubahi ce, biyayyarsa kuwa wajibi. Kada ka je masa da gardama. Ka zauna gabansa ka rera masa ta iyaye matan nan da bakinka kawai, sannan ka nemi izininsa a kan bandiri. Idan ya ce a'a, ka dakata, ka turo shi wurina mu yi magana. Wallahu a'alam.