Jirgin ƙasan wasa yana tafiya yana tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Ngaundare. Yarona ba ya gajiya da kallon jirgin Camrail mai zuwa daga Yawunde, shi ne na sayo masa ɗan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, ƙirar Jouef, cikin kayan gwanjon Faransa. A shagona muke shimfiɗa dogonsa. Da farko lafiya lau, yanzu kuwa sai ya ɗan taɓa gudu ya tsaya, fitilarsa tana ƙyaftawa, sai an tura shi ya tashi. Injin ne ya ƙone?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, da wuya injin ne. Galibi wanda ya ƙone ba ya tashi don an tura shi, kuma da ka ji ƙauri. Wutar ce take yankewa kafin ta kai gare shi.

Irin wannan jirgi na ma'aunin HO ne, tazarar dogonsa milimita 16.5. Tiransifoma tana rage wutar gida mai bolt 220 zuwa kamar 12, dogo ɗaya ya kai ta, ɗayan ya dawo da ita. Ƙafafun ƙarfe ne ke ɗaukarta, sannan wasu siraran tagulla da ke goga jikin ƙafafun su miƙa wa injin. Inda ƙafa ke taɓa dogo ɗan mitsitsin wuri ne, ƙurar hunturu ta kwana biyu ta isa ta raba su.

Fara da lura. In kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, laifin na dogo ne. Duba ƴan ƙarafan da ke haɗa guntayen dogon, da yawan cirewa da mayarwa bakinsu kan buɗe; ɗan matse su da filaya. In kuwa ko'ina tsayawa yake yi, ɗauke shi ka kife a kan tsumma, ka samo batir mai bolt 9 da wayoyi biyu, ɗaya ta taɓa ƙafar dama, ɗaya ta hagu. Gwada ƙafafu daban-daban, don ba duka ke ɗaukar wuta ba. Muddin suka juya, injinka lafiyarsa ƙalau.

Sai wanki. Jiƙa farin ƙyalle da alkol na kantin magani, ka goge saman dogon da ƙafafun har ƙyallen ya daina yin baƙi. Kada ka kuskura ka sa takardar yashi, ko da wani ya ce haka ake yi: tana karce ƙarfen, datti ya samu wurin zama, tsatsa ta biyo baya.

Tunda a shagon ɗinki kuke, akwai abin da na fi zargi. Zare da ɓurɓushin yadi suna nannaɗewa a gindin ƙafafu, su ɗage tagullar nan ta daina taɓawa. Zaro su da kan allura, a hankali, kada ka lanƙwasa ta. Injin kuma yana da maganaɗisu, yana tsintar fil daga ƙasa. Fil ɗaya da ya gitta dogo biyu zai haɗa wuta, tiransifoma ta yi zafi ko ta katse.

In ka ji yana gurnani ba ya motsi, kashe wutar nan take, don a haka ne inji ke ƙonewa da gaske. Galibi tsohon giris ne ya daskare a haƙoran giya. Kankare shi, ka ɗiga man keken ɗinki da bakin allura, ɗigo ɗaya tak, nesa da ƙafafu da gawayin injin. Gawayin nan guda biyu ne ƙanana masu kai wuta cikin injin, kowanne da ɗan sifirin a bayansa. Sai komai ya faskara za ka buɗe ka ga ko sun cinye, kuma a kan faranti, don sifirin ɗin in ya yi tsalle ya tafi ke nan.

Tiransifoma dai kada ka buɗe ta, kai wa mai gyaran rediyo ya auna. In za ka sauya, duba an rubuta 220 ko 230 a jikinta, domin ta Amurka bolt 120 ce. Ta kamfanin Märklin ma ka guje ta, wutar AC mai kai da komowa take fitarwa, jirginka kuwa DC, irin ta batir, yake ci.