Yaushe jagora yake juyo da baƙo daga hanyar Marangu?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa babban jagora yakan juyo da baƙo daga kan Kilimanjaro alhali mutumin ya biya maƙudan kuɗi, ya ƙetaro ƙasashe ya zo Tanzaniya, kuma da bakinsa yana rantsuwa cewa zai iya ƙarasawa. Ka kuma nemi sanin yadda ake gane lokacin yanke wannan hukunci ba tare da an tauye wa baƙon haƙƙinsa ba. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin yawancin masu koyon sana'armu sun fi damuwa da haddace sunayen itatuwa da tsuntsayen da za su burge baƙi da su, alhali abin da ka tambaya shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ne ran mutum yake shiga hannun jagora.

Ka fara da duba lissafin hanyar kanta. Marangu ita kaɗai ce hanyar da ake kwana a ɗakuna maimakon tanti a kan wannan dutse, kuma tana farawa daga ƙofar gandun dajin Kilimanjaro a tsayin kimanin mita 1,860. Daren farko ana kwana a Mandara, wajen mita 2,700, na biyu a Horombo, mita 3,720, sannan Kibo, kimanin mita 4,700, daga nan sai ƙololuwar Uhuru mai mita 5,895, wadda babu inda ya fi ta tsayi a duk Afirka. Likitocin da suka ƙware kan ciwon tsauni suna ba da shawarar cewa da zarar mutum ya haura mita 3,000, kada ya ɗaga wurin kwanansa fiye da mita 500 a dare guda, kuma ya riƙa hutawa bayan kowane kwana uku ko huɗu. Mu kuwa kusan mita 1,000 muke ɗaga baƙonmu kowane dare, wato ninkin abin da aka ce, kuma muna nufar da shi wurin da numfashi ɗaya bai fi ba shi rabin oksijin ɗin da yake samu a bakin teku ba. Katifa da rufin katako da ɗakin cin abinci su ne suka sa aka yi wa hanyar laƙabi da hanyar Coca-Cola, har mutane suke ɗauka mai sauƙi ce, amma jikin ɗan Adam ba ya saba wa tsayi don an ba shi katifa.

Wannan shi ya sa hukuncin da kake tambaya a kai yake farawa tun a Moshi, garin da yake gindin dutsen, kafin kowa ya ɗaura takalmi. Idan an ba ka zaɓi tsakanin tafiyar kwana biyar da ta kwana shida, ka tsaya tsayin daka a kan ta shida, ko da baƙo zai yi ƙorafin ƙarin kuɗin. Ƙarin daren a Horombo ake yin sa, kuma ba kwanciya ake wuni yi ba: ana hawa da hantsi zuwa duwatsu masu ratsin fari da baƙi da ake kira Zebra Rocks, wajen mita 4,000, a ɗan zauna, sannan a sauko a kwana ƙasa, domin jiki ya ɗanɗana tsayin ya kuma samu daren da zai yi gyara. A wannan zama na Moshi ne kuma za ka tambayi kowa, a keɓe, ko yana da ciwon zuciya ko na huhu ko sikila, da irin maganin da yake sha. Mai sikila sai da izinin likitansa, domin ƙarancin oksijin yana tayar da ita. Wanda likita ya rubuta wa Diamox, maganin da yake taimaka wa jiki ya saba da tsayi, ka san cewa zai yawaita fitsari kuma zai ji yatsunsa suna tsikari, don kada ka ɗauki hakan a matsayin ciwo, amma kai ba ka rubuta wa kowa magani. Abu mafi muhimmanci a zaman shi ne ka faɗa a gaban kowa, kana kallon idanunsu, cewa idan ka ce a sauka to sauka za a yi, kuma ka jira kowannensu ya amsa da bakinsa.

Ranar farko cikin kurmi take, tafiyar kimanin kilomita takwas a inuwa, birai masu farin gashi a jela suna tsalle a kan rassa, kowa yana jin ƙarfi. A nan ne samari masu motsa jiki suke matsa maka ka ƙara sauri, kuma sau da yawa su ne suke fara kwantawa a Horombo, domin ƙarfin ƙafa dabam, sabon jini da tsayi dabam. Jagora yana gaba, babu mai wuce shi, mataimaki yana can baya, kuma takun ya zama wanda mutum zai iya hira a cikinsa ba tare da haki ba. Pole pole, wato sannu sannu da Swahili, da kake ji 'yan dako suna faɗa wa baƙi duk inda suka wuce su, umarni ne na aiki, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Amma aikinka na ainihi a wannan rana shi ne ka san kowane baƙo lokacin da yake lafiya: wane ne mai surutu, wane ne mai shiru, yaya takun wance yake, wa yake cinye abincinsa tas. Idan ba ka san mutum yana lafiya ba, ba za ka gane ranar da ya canza ba.

Babbar falalar ɗakunan Marangu a wurin jagora ita ce teburin cin abinci, domin kowane dare yana tara maka mutanenka wuri ɗaya a ƙarƙashin fitila. Kada ka bar su ka tafi kicin hira. Ka tsaya ka ga wanda yake juya cokali a cikin miya bai kai baki ba, da wanda ya dafe goshi, da mai barkwancin jiya da yau ya yi gum. Bayan an tashi, ka tambayi yaron da yake kwashe kwanuka wane faranti ne ya dawo a cike, ka kuma tambayi abokin ɗakin baƙo yadda ya kwana, domin wanda ya kashe kuɗinsa yakan ɓoye ciwon kai da amai saboda tsoron a hana shi hawa. Za ka maƙala wa kowa na'urar auna oksijin a yatsa safe da yamma, ka rubuta lambar da bugun zuciya a littafi, sai dai kada ka mayar da ita alƙali. Yatsa mai sanyi ko farcen da aka shafa wa fenti yakan sa ta yi ƙarya, kuma lambar dare ɗaya ba ta kai muhimmancin yadda lambobin suke tafiya daga Mandara zuwa Kibo ba. Idan na'ura ta ce lafiya, fuska kuma ta ce akasin haka, ka bi fuska.

Ciwon kai da ɗan tashin zuciya da kasala da jiri, waɗannan suna samun mutane da yawa a Horombo, kuma su kaɗai ba sa wajabta sauka. Hukuncinsu shi ne kada mai su ya ƙara tsayi sai sun lafa: ya sha ruwa, ya ci abin da zai iya, ya huta, ka sake duba shi. Idan suka ƙi lafawa ko suka ƙaru duk da hutu, tafiyarsa ta sama ta ƙare. Abubuwa biyu ne kuma ba a yin shawara a kansu. Na farko shi ne kumburin ƙwaƙwalwa, wanda alamarsa ita ce tangaɗi da ruɗewa. Ka ja layi a ƙasa, ko ka nuna masa tsagin katakon daɓen ɗakin, ka ce ya bi shi yana ɗora diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar. Idan ya kasa, ko ya kasa zuge zif ɗin rigarsa, ko ya ba ka amsar da ba ta dace da tambaya ba, ko mutum mai haƙuri ya koma faɗa ba dalili, to ka daina sauraron ra'ayinsa a kan lafiyarsa, domin abin da yake yin tunani da shi ne ya kamu. Na biyu shi ne taruwar ruwa a huhu: haki alhali mutum yana zaune, tari da yake farawa busasshe ya koma mai kumfa, wani lokaci da ratsin jini, leɓuna su yi shuɗi, kuma ya kasa kwanciya rigingine. Ya fi tsananta da dare. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikin biyun, a sauko da shi nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne, ba a jiran gari ya waye kuma ba a tura shi shi kaɗai. Saukar mita 500 zuwa 1,000 takan kawo sauƙin da za ka gani da idonka. In ba ya iya tafiya, a ɗora shi kan gadon ƙarfen nan mai taya ɗaya. Tukunyar oksijin da muke ɗauka ta sauko da mara lafiya ce, kuma jagoran da ya saka wa baƙo ita don ya tura shi sama ya ci amanar aikinsa.

Daga Horombo zuwa Kibo za ku wuce wurin ɗiban ruwa na ƙarshe, ku shiga fili mai faɗi tsakanin tsaunukan Mawenzi da Kibo, biyu daga kawunan Kilimanjaro, inda babu itace babu inuwa, sai iska da ƙura. A Kibo babu ruwa sai wanda 'yan dako suka ɗauko a ka, barci kuma ba ya samuwa sosai. Wajen tsakar dare ake tashi, kowa da fitila a goshi, a fuskanci hawan kusan mita 1,200 cikin sanyin da yake daskarar da ruwan gora. Gangaren tsakuwa ne mai zamewa, kamar mai hawa tsibin gero a masussuka, ka yi taku uku ka koma ɗaya. A kusan tsakiyar hawan akwai kogon da aka sa wa sunan Hans Meyer, Bajamushen da shi da Ludwig Purtscheller suka fara kaiwa ƙololuwa ranar 6 ga Oktoba 1889. Nakan gaya wa baƙi a wurin cewa wannan mutum ya zo a 1887, ya isa bakin ƙanƙara, ya ga ba shi da kayan hawanta, ya juya. A nan nake haska fuskar kowa da fitila, in kira sunansa in ji yadda zai amsa, in duba ko yana jin yatsunsa.

Wurin da hukunci ya fi wuya shi ne Gilman, bakin ramin aman wuta da yake saman dutsen, kimanin mita 5,685, inda akan isa daidai lokacin da rana take ɓullowa ta bayan Mawenzi. Baƙo yana ganin saura mita 200 kawai, amma tafiya ce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan gefen ramin, kuma duk takun da ya yi sai ya maimaita shi a dawowa kafin ya fara sauka. Bayan haka akwai gangara zuwa Kibo, sannan a ci gaba har Horombo a wannan rana, abin da yakan haɗa awa goma sha biyu ko fiye a kan ƙafa. Don haka tambayar da nake yi wa kaina a Gilman ita ce ko wannan mutum zai iya komawa Horombo da ƙafarsa idan na bar shi ya je Uhuru. Wanda ya iso yana jingina da kafaɗar mataimaki, ko ya zauna ya fara gyangyaɗi, ko ya iso rana ta riga ta yi sama, a nan zai tsaya. Hukumar gandun tana ba wanda ya kai Gilman takardar shaidarsa, kuma ya cancance ta.

Idan za ka faɗa masa, ka ja shi gefe, ka durƙusa daidai fuskarsa, ka gaya masa abin da ka gani ɗaya bayan ɗaya, ka tuna masa alkawarin Moshi, sannan ka faɗi hukuncin a matsayin abin da aka gama, kada ya zama tambaya. Wani zai yi kuka, wani zai zage ka, wani zai ce zai ninka maka tukuici. Ka saurare shi da ladabi, amma ka riga ka sa mataimaki ya riƙe jakarsa ya juya da shi. Wannan ne ma dalilin da ba na yarda in bar Kibo ba tare da isassun mataimaka ba, domin jagoran da ba shi da wanda zai raka mutum ɗaya ƙasa, dole ya zaɓi tsakanin hana kowa hawa da jan mara lafiya sama, kuma da yawa sukan zaɓi na biyun. Ba zan ɓoye maka ba, tukuicinka zai iya raguwa, kuma akwai kamfanonin da suka fi son a ce duk baƙinsu sun kai Uhuru. Wannan asara ce da ake ɗauka da hannu biyu.

Kada kuma ka manta cewa ciwon tsauni ba ya tambayar wanda ya biya kuɗi. 'Yan dako suna ɗaukar kaya har kilo 20, wanda ake aunawa a ƙofar gandu, suna wuce baƙi da sauri don su riga su isa masauki, wasunsu kuma da rigar sanyin da ba ta isa ba. Sun fi baƙi ɓoye ciwo, saboda wanda aka mayar ƙasa yana tsoron rasa ladansa da kuma aikin gaba. Ka riƙa shiga ɗakinsu a Horombo da Kibo kamar yadda kake shiga na baƙi, kuma duk wanda ka saukar ka tsaya masa a biya shi cikakken haƙƙinsa.

A tafiyarmu mai zuwa kai za ka riƙe littafin awo kuma kai za ka tsaya a bayan ayari. A Horombo kai za ka sa kowa ya bi layi, a Kibo kuma, kafin mu tashi da tsakar dare, za ka zo ka gaya mini wanda kake shakka a kansa da dalilinka, tun kafin ka ji nawa ra'ayin.