Mitfai ɗina yana tauri, kuma yana fashewa

Tambaya: Anti dan Allah ki taimaka, duk sanda na yi mitfai sai ya fito da tauri kamar dutse, gashi bakin yana buɗewa a oben, yara ma sun daina ci. Uwargida daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata bota kike ƙwauro, fulawa rabin kilo bota giram 250 take so, ki murza da yatsu har ta yi kamar garin kwaki sannan ki yayyafa ruwan sanyi kaɗan kaɗan, kar ki ta kirɓa shi kamar kwaɓin burodi, nan taurin yake. Fashewa kuwa haɗin ne, niƙaƙƙen naman da dankali da karas su huce sarai, ki ɗaure ruwansu da cokali ɗaya na fulawa. Kar ki cika, shafa ƙwai a baki, danne da cokali mai yatsu, ki ɗan huda saman.