Kwamfutar da ta ƙi tashi daga barci

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kwamfutar da ka harhaɗa wa mutumin nan ka ɗora mata aiki mai nauyi na awa shida ba ta ko yi tari ba, amma da an bar ta ta yi barci sai ta ƙi tashi. Fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, sai an danne maɓallin wuta ta mutu sannan a sake kunna ta. Wani daren kuma ta farka da kanta ba wanda ya taɓa ta. Kana tambaya ko ka kashe barcin gaba ɗaya, ka rufe hutun furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) a BIOS, wato saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka miƙa masa kayansa.

Kada ka yi. Na san za ta daina nuna ciwon, mai ita ma zai yi godiya, amma ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba. Abin da ya hana ta tashi yana nan a ciki, kuma mutumin zai yi shekaru yana biyan wutar da ba ta yi masa aikin komai ba, fanka na ta kuka dare da rana.

Awa shidan nan da ka yi kana gwada ta, ɓangare ɗaya kawai ka gwada. Kwamfuta a ƙarƙashin kaya mai nauyi tana tsaye ne a hali guda: wuta na kwarara da yawa, ba hawa ba sauka. Wahalar tana wurin sauka da tashi, lokacin da furosesa zai faɗo daga wat ɗari zuwa 'yan ƙalilan, sannan a ce masa ya koma sama cikin ƙiftawar ido. A nan ake gane akwatin wuta na ƙwarai, wato mai rarraba wa kayan ciki wuta, da ram ɗin da ya zauna daram, wato ma'ajiyar aikin da ake kai, da direban da aka rubuta da hankali, wato manhajar da ke tuƙa kowace na'ura. Na fi tsoron kwamfutar da ke zaune shiru a kan wadda ke gumi.

Ka fara raba abubuwa biyu da ka cakuɗa a tambayarka, don barcin kwamfuta daban, hutun furosesa daban. Dukansu suna ƙarƙashin ƙa'idar ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, amma kowanne da layinsa. Na kwamfutar gaba ɗaya ana lissafa shi da S. S0 tana aiki, S5 a kashe take. S3 shi ne barcin da muka saba da shi: komai ya mutu sai ram, wanda ake riƙe da shi da 'yar wutar jiran nan ta bolt 5 da akwatin wuta ke bayarwa ko da kwamfuta a kashe take. S4 doguwar suma ce, an kwashe abin da ke cikin ram an zuba a faifan ajiya, ko an zare waya daga bango ba a rasa komai. Na furosesa kuma ana lissafa shi da C, kuma yana faruwa ne kwamfuta na kunne, kana zaune a gabanta. Tsakanin harafin da ka buga da na gaba, furosesa ya riga ya shiga hutu ya fito sau da yawa. C0 yana aiki, C1 ya ɗan tsaya, a C6 kuwa an adana abin da ƙwayar furosesa, wato ɗaya daga sassansa masu yin lissafi, ke riƙe da shi an janye mata wuta kusan gaba ɗaya.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, buɗe wurin rubuta umarni da ikon mai gida ka buga powercfg /a. Zai gaya maka irin barcin da wannan bod ɗin, wato babban allon da komai ke jone a kansa, ya yarda da shi. Wasu sababbi ba su da S3 sam, suna da wanda Windows ke kira Modern Standby, inda kwamfutar ba ta barin S0, lumshe ido kawai take yi. Wanda bai duba wannan ba zai iya kwana yana neman gyaran barcin da babu shi.

Farkawar dare ita ce mai sauƙi, bari mu kawar da ita. Da ta farka, buga powercfg /lastwake ka ga wa ya tashe ta. Sai powercfg /devicequery wake_armed, ya jero maka duk na'urorin da aka ba izinin tashinta, sai powercfg /waketimers don ayyukan da aka sa wa lokaci, irin sabunta Windows. Galibi ɗayan biyu ne. Ko maus, wanda motsin tebur kaɗai ya ishe shi, ko katin netwok da aka bari yana amsa duk sallamar da ta zo ta waya. Maus ka cire masa izinin ka bar wa kibod. Katin netwok ka sa masa alamar cewa fakitin tashi na musamman kaɗai zai amsa. Idan kuma wata rana ka haɗu da wadda ke ƙin yin barcin ma, powercfg /requests zai nuna maka wanda ya riƙe ta, sau da yawa direban sauti ne ko wani shafin bidiyo da aka bari a buɗe.

Ƙin tashin shi ne inda aikin yake, kuma ina so ka yi shi da ido kafin ka yi shi da hannu. Buɗe murfin gefe, sa ta barci, ka tsaya ka kalla. A barcin S3 na gaskiya za ka ji fanka sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, fitilar gaba ta koma ƙyaftawa a yawancin bod. Idan sikirin ya mutu amma fanka ba su tsaya ba, to ba ta ma kai ga barcin ba, ta maƙale a hanya, kuma kusan kullum wani direba ne ya ƙi sakin na'urarsa. Idan ta yi shiru sarai, ka taɓa kibod fanka suka tashi amma hoto bai zo ba, danna maɓallin Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa. Tana kunnuwa tana mutuwa? Kwamfutar ta farka, hoton ne bai dawo ba, sai ka nufi direban katin hoto, da wayar sikirin, da sikirin ɗin kansa. Ba ta motsi? To ta sandare tun kafin Windows ya karɓi ragama, sai ka nufi ram da BIOS da akwatin wuta. Wannan 'yar fitilar ta sha rage mini aikin yini guda.

Za ka ga lamba 41 ta Kernel-Power a littafin abubuwan da suka faru na Windows, wato Event Viewer, kada ta ruɗe ka. Ba ta faɗin dalili, cewa kawai take an kashe kwamfutar ba ta hanyar da ta dace ba, wato danne maɓallin da kai ka yi. Amma idan shuɗin sikirin ya fito da 0x9F, wannan magana ce a fili: wani direba ya kasa sauya halin wutarsa cikin lokacin da aka ba shi.

Daga nan sai gwaji, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kana rubutawa a takarda. Mayar da BIOS yadda ya zo daga kamfani. Wannan zai sauke XMP ko EXPO, saitin da ke ƙara wa ram gudu, ram ya koma gudunsa na asali. Yara da yawa ba sa ɗaukar XMP a matsayin ƙarin gudu saboda an rubuta lambar a jikin kwalin, alhali ƙarin gudu ne, kuma ram ɗin da ke aiki lafiya da rana zai iya kasa dawowa daidai bayan barci. Idan ka rage wa furosesa bolt don ya yi sanyi, mayar da shi shi ma. Ragin bolt yakan ci jarrabawar kaya mai nauyi ya faɗi a lokacin da ba a aikin komai, saboda a nan ne ƙwaya ɗaya ke zabura zuwa ƙololuwar gudunta daga hutu. Sa ta barci sau goma, wasu na minti biyu, ɗaya na dare guda. Idan ta warke, ka riƙa mayar da saitin ɗaya bayan ɗaya har ciwon ya dawo.

In ba ta warke ba, sabunta BIOS daga shafin kamfanin bod ɗin, ka sa direban cifset, wato ƙwayar bod da ke haɗa furosesa da sauran na'urori, daga wurin Intel ko AMD, kada ka dogara da wanda Windows ya zaɓo. Zare duk abin da ke jikin USB ban da kibod. Ka kuma kashe Fast Startup yayin gwajin. Tun Windows 8 a 2012, idan ka ce ta mutu ba mutuwa take yi duka ba, tana adana zuciyar tsarin da direbobi a faifai don ta tashi da sauri, sai direban da ya rikice jiya ya tashi a rikice yau. Umarnin powercfg /h off yana kashe shi tare da doguwar suma, ka tuna ka mayar idan ka gama.

Yanzu akwatin wuta, wanda ba ka ambata ba ko sau ɗaya a saƙonka, kuma shi na fi zargi idan tsoho ne aka ciro daga wata kwamfutar. Lokacin da Intel ta fito da furosesocin Haswell a 2013, hutun C6 da C7 ya sa furosesa na iya jan abin da bai wuce amfiya 0.05 ba a layin bolt 12, alhali tsofaffin akwatuna an gina su ne da tsammanin ba za a sauka ƙasa da 0.5 ba. Irin waɗanda ke daidaita layin 12 da na 5 a haɗe, idan ɗaya ya zama ba kaya sai bolt ya karkace, kariyar akwatin ta yanke wuta. A furosesocin Ryzen na farko na AMD a 2017 ma an sha fama da sandarewa lokacin zaman banza, har aka ƙara wani saiti a BIOS mai suna Power Supply Idle Control, wanda idan ka mayar da shi Typical Current Idle yakan hana wutar faɗuwa ƙasa sosai.

Na taɓa riƙe wata kwamfuta kusan mako biyu a kan wannan. Mai ita yana aikin haɗa bidiyo, ba ta taɓa ba shi matsala yana aiki ba, sai ya tashi ya dawo ya tarar agogon kusurwar sikirin ya tsaya a mintin da ya bar ta, maus ba ya motsi. Na canza ram, na sake zuba Windows, na canza katin hoto. Ranar da na rufe C6 ta kwana lafiya, kuma a ranar na so in kira shi ya zo ya ɗauka. Abin da ya tsayar da ni shi ne tambayar me ya sa. Na ɗauko wani akwatin wuta sabo na jona mata a kan tebur, wayoyi a waje, na mayar da C6 yadda yake, ta kwana uku ba ta sandare ba. Tsohon akwatin ya fi ƙarfin abin da take buƙata nesa ba kusa ba, ƙaramin kaya ne bai iya riƙewa ba. To ka ga amfanin rufe hutun furosesa: fitila ce ta haska maka inda ciwon yake. Idan ka rufe ta warke, ka san wuta za ka bi, ko ta akwatin ko saitin bolt na bod.

Game da abin da ka gani na gudun furosesa yana sauka zuwa megahaz 800, wannan lafiya ce. Haka aka gina shi tun zamanin dabarun rage gudu na SpeedStep na Intel da Cool'n'Quiet na AMD, kuma daga furosesocin Skylake na Intel a 2015 furosesan da kansa yake zaɓar gudunsa, ya fi Windows saurin yanke shawara. Bar tsarin wuta a Balanced, mafi ƙarancin gudu a kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne akasin haka, furosesan da ba ya sauka ko kaɗan. Nan sai ka duba manhajojin fitilun ado da na sa ido a kan zafi, don wasunsu suna tambayar na'urori ba ƙaƙƙautawa har su hana shi runtsawa. Rufe su, ka buga powercfg /energy, zai saurari kwamfutar na daƙiƙa 60 ya rubuto maka masu hana ta hutawa.

Abu ɗaya da ke ruɗa sababbin hannu: saitin ErP a BIOS. Idan yana kunne, bod yana yanke wutar jira bayan an kashe kwamfuta don ta sha ƙasa da wat ɗaya, saboda haka kibod ko netwok ba za su iya kunna ta daga mutuwa ba. Ba lalacewa ba ce, ka tambayi mai ita wanne ya fi so.

Gobe in ka zo, taho da takardar gwajin da sunan akwatin wutar da shekarunsa, da abin da powercfg /a ya nuna maka. Ka gaya wa mutumin ya ƙara mana kwana biyu, don ina so ta yi barcin dare guda a gabanmu da XMP a kunne kafin ta bar hannunka.